Batiran da Suka Riƙa Cika Kansu

Ku da kuka shigo aikin nan bana, na ji abin da kuke faɗa a gindin mangwaro lokacin cin abinci. Wai teburin geji wurin hutu ne, wai Anti Laraba danna maɓalli ɗaya kawai take yi ta jira koriyar fitila. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da aka fara zaunar da ni a kujerar nan. Tunda gobe za a fara ba ku teburin ɗaya bayan ɗaya, ku zauna ku ji.

Batir ba kwalbar kananzir ba ne da za ka ɗaga ka ga abin da ya rage. Ɗan allon nan da muke kira geji, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, shi ma ba ya ganin cikin batirin. Ƙirga kawai yake yi. Wuta ta shiga ya ƙirga, wuta ta fita ya ƙirga, sai ya nuna wa mai kaya lamba a ɗan gilashin da ke gaba. In an koya masa ƙirga daidai, zai faɗi gaskiya har batirin ya tsufa. In an koya masa ba daidai ba, zai yi ta ƙarya bai san yana yi ba, kuma duk wanda ya duba shi zai yarda.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Saje Bitrus, tsohon soja ne da ya yi shekarunsa a sashen sigina yana kula da batiran rediyo. Da ya ajiye kaki ya dawo Zuru, Alhajin da ya buɗe wurin nan ya ɗauke shi. Ni lokacin ina layin dalma, ina haɗa ƙwayoyin batir. Wata uku Saje bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Aikina shi ne in fito da mita daga akwatinta na katako, in duba wayoyinta, in karanta ma'aunin zafi da ke bango in rubuta. Sai in tsaya ina kallon hannunsa.

Kayan aikin ba su canza ba sosai. Ga mita, wadda ba a ba kowa aro. Ga lodi, akwatin nan mai fanka da ke jan wutar da muka san yawanta. Ga gado, wato katakon da ake kwantar da batir a kai, fil-fil ɗinsa na tagulla su taɓa shi ta ƙasa. Abu huɗu ake koya wa kowane geji a kan gadon nan: ƙarfin wutar batirin, zafin ɗaki, yadda jan wuta yake, da sifili. Na ƙarshen ne Saje ya fi damuwa da shi. Ana katse komai, babu abin da ke shiga, babu abin da ke fita, a ce wa gejin: wannan da kake ji yanzu, shi ne babu. Daƙiƙa biyar ne kacal. A cikin daƙiƙa biyar ɗin nan Saje ba ya magana, ba ya yarda kowa ya jingina da teburin.

Wata rana na tambaye shi dalili. Ya ce, "Laraba, in wani abu yana motsi kika ce wa geji shiru ne, har ya mutu zai ɗauka shiru kenan. Ranar da ya ji shirun gaskiya, zai ce wani abu ne."

Na ce to, amma ban gane ba.

Masu sayen kayanmu kun san su. Masu cajin waya a kasuwa, masu aski, masu shagon magani da ke da ƙaramin firji, manoma da ke son fitila da rediyo, da ƙananan asibitocin karkara. Ba su san ƙwaya ba, ba su san waya ba. Lambar nan suka sani. Na tuna wani mai aski daga Mahuta da ya zo da nasa ɗaure a bayan babur, yana faɗa tun daga ƙofa, wai batirin ya mutu yana nuna goma sha biyu, ya bar masa mutum da rabin kai ranar kasuwa. Saje bai yi gardama ba. Ya cika batirin, ya sauke shi da lodi har ƙasa, ya bar shi ya huta, ya sake cikawa. Kwana biyu aikin ya ci. Da mutumin ya dawo, Saje ya ce masa, "Batirinka lafiyarsa lau, tsufa ya fara, gejin ne bai sani ba. Yanzu ya sani."

To amma ba za a yi wa kowane batir kwana biyu ba. Da aiki ya bunƙasa muka koma fitar da ɗaruruwa a mako, sai aka koma yadda kuke gani yanzu. A ɗauki batir guda a koya wa gejinsa komai a tsanake, mu kira shi uwa. A kwashe abin da uwar ta koya a zuba wa sauran ta kwamfuta. Sai kowanne ya hau gado na rabin minti a daidaita masa abubuwa huɗun nan. Sauri ke nan, kuma haɗarin ke nan. Kuskure ɗaya a teburin nan ba batir ɗaya yake kamawa ba.

Saje ya rasu a farkon wata damina. Ciwon bai kai mako biyu ba. Aka binne shi ranar Asabar, ranar Litinin Alhaji ya miƙo mini makullin ɗakin geji. Na san aikin, babu abin da ya gagare ni. Abu ɗaya ne na bari. Saje yakan zo awa ɗaya kafin kowa, kullum, mu tarar da shi ya riga ya zauna. Mun ɗauka halin soja ne. Ni ƙarfe takwas nake zuwa tare da jama'a.

Wajen mako biyar bayan haka, da tsakar rana, Yakubu mai kula da sito ya leƙo ɗakina. Babban mutum ne mai 'ya'ya, ba mai tsoro ba, amma ya ƙi shigowa.

Ya ce, "Laraba, a nawa kuke barin batir in za a kai sito?"

Na ce, "A rabi. Hamsin. Ka fi kowa sani."

Ya ce, "Zo ki gani."

Siton nan babu taga, babu ko soket ɗaya a ciki, Saje ne ya hana a ja masa wuta. An yi ruwa da safe, ɗakin yana warin kwali mai laima. Yakubu ya buɗe kwali ɗaya ya danna maɓallin batir. Sittin da huɗu. Ya buɗe wani na can ciki, wanda ya fi daɗewa. Tamanin da ɗaya. Muka yi ta buɗewa. Na bakin ƙofa, waɗanda aka kawo jiya, suna hamsin da biyu. Na tsakiya suna saba'in. Layin da ke jikin bangon baya, duk wanda muka danna, ɗari. Na tsaya a cikin duhun nan ina kallon ƙananan gilasai suna haske ɗaya bayan ɗaya, babu waya ko ɗaya a jikinsu, ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga kwano.

Yakubu ya ce a hankali, "Wa ke musu caji?"

Na ɗauki alli na rubuta lambar batir uku a jikin kwalinsu, na kulle siton da kaina, na tafi da makullin gida. Washegari kowannensu ya ƙaru da biyu.

Kafin la'asar magana ta zagaye wurin. Wai Saje ne. Wai bai gama aikinsa ba, yana dawowa. Wata mai haɗa kwali ta ce ta ji ƙarar kujerarsa. Mutum biyu suka daina zuwa aiki. Masu layin dalma suka koma zagayawa ta baya don kada su bi ta ƙofar ɗakina. An kira fasto ya yi addu'a, an kira malam shi ma ya yi. Batiran suka ci gaba da hawa.

Ni dai na ɗauki guda da ke nuna ɗari na ɗora masa lodi, na zauna da agogo. Ya kamata ya yi awa huɗu. Bai cika biyu ba ya mutu, gilashinsa yana nuna hamsin da wani abu. Babu wanda ke cika su. Rabin da muka zuba shi ne dai a ciki, gejin ne ke ganin wuta tana shiga alhali babu komai. Na je na sami Alhaji a ofis. A lokacin labari ya kai kasuwa, har wasu na zuwa suna tambayar batir mai cika kansa.

Ya ce, "To mi ne abin damuwa? Mutane na yabon kaya, ke kina ɓata fuska."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya yake musu. Wanda ya ga ɗari ba zai yi caji ba."

Ya dube ni. Ya ce, "Nawa sunka fita?"

Na ce, "Duk na mako biyar."

A gaskiya bai ja ba, nan take ya hana lodin mota. Ya sa aka fara kiran dillalai a waya. Amma dillali ya sayar wa wani, wani ya kai ƙauye, ga ruwa ya cinye hanyoyi.

Kwana shida ina neman inda matsalar take. Na gwada mitata da ta wani injiniya, daidai suke. Na auna lodi, daidai. Na koya wa sabuwar uwa daga farko, na zuba wa batir goma, na ɗora su a gado, duk suka ba ni koriyar fitila. Na jera su a kan kanta. Da safe goman sun hau. Na fara shiga ɗakin nan ina barin ƙofa a buɗe, ni da na san ba fatalwa ba ce.

A rana ta bakwai wani mutum ya tsaya da babur a bakin ƙofa, wandonsa duk laka har gwiwa. Ya ce sunansa Malam Ishaku, shi ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye gaba da Danko. Ya nemi wanda ke saita lambar batir. Aka nuna masa ni. Ya kwance batir daga bayan babur, ya shigo da shi ya ajiye a kan teburina. Bai ɗaga murya ba daga farko har ƙarshe.

Ya ce suna da injin iskar oksijin guda ɗaya, da batir biyu. Ɗaya suke amfani da shi, wannan sabon kuwa ajiya ne. Ya gwada shi ranar da aka kawo, ya kunna fitilu da shi na ɗan lokaci, ya sa shi a kabad. Duk ranar Litinin yakan danna ya duba. Ya ga yana ɗari, sai ya ɗauka abokin aikinsa ne ya yi masa caji. Sai aka yi kwana uku ana ruwa, rana ba ta fito ba, farantin sola bai kawo komai ba, batirin farko ya ƙare. Aka kawo masa yarinya 'yar shekara uku, ƙirjinta ya kama, tana numfashi da ƙyar. Uban ya ce su wuce Zuru tun da safe kafin rafi ya cika. Malam Ishaku ya danna batirin ajiyar a gabansa, ya nuna masa ɗari, ya ce kada su wahalar da ita a hanya, wannan zai riƙe ta har allura ta kama.

Ya ce, "Da azahar injin ya tsaya. Na duba, batirin na nuna saba'in da ɗaya. Na cire na mayar, na cire na mayar. Lokacin da muka ɗauke ta, rafi ya riga ya cika. A bakin ruwan ta cika."

Ya miƙa yatsa ya danna maɓallin. Tamanin da uku.

Ya ce, "Tun ranar ban haɗa shi da komai ba. Ina so ki faɗa mini abin da yake nufi, don uban yana tambayata."

Na faɗa masa gaskiya, cewa lambar ƙarya ce, kuma a teburin nan aka koya masa ita, da hannuna. Ya gyaɗa kai. Alhaji ya fito ya tafi da shi ofis. Daga baya mun je ƙauyen gaisuwa, ni da Alhaji. Wannan ba zan ba ku labarinsa ba.

Bayan fitarsu na zauna ni kaɗai. Na kashe fanka, na kashe lodi, na kashe kwamfuta. Rana ta ɗan fito bayan ruwa, ɗakin ya yi tsit. A cikin shirun nan na ji wata ƙara siririya, kamar ana jan zare a kan ƙarfe. Ta tsaya, ta dawo. Daga wajen kujerar Saje take fitowa. Na daure na durƙusa, na kasa kunne. Daga cikin gado take. Ina kallo sai ga zanzaro ya fito ta ramin da waya ke shiga, ya tashi ya bi ta ƙofa. Jim kaɗan ya dawo da ɗan curin laka a bakinsa, ya shige.

Na kwance sukurori huɗun da ke ƙasan gadon. Ban taɓa buɗe shi ba, ban taɓa ganin an buɗe ba. A bayan fil-fil ɗin ga gidajen zanzaro a jere, laka ta haɗe fil biyu da bai kamata su taɓa juna ba. Na taɓa ta, da sanyi, ta sha laimar damina. Na ɗora mita. Wata 'yar wuta ce ke zurara ta cikin lakar, ƙarama ƙwarai, ba ta isa ta kunna komai ba. Amma duk batirin da ya hau gadon, a daƙiƙa biyar ɗin da ake ce masa babu, wannan wutar tana fita daga jikinsa. Ya ɗauka ita ce babu. Da ya sauka ya ji babun gaskiya, sai ya ɗauka ana zuba masa.

Da na kankare lakar, na ga katakon duk tsofaffin alamun kankarewa ne, sawu a kan sawu, na shekaru. Na jawo durowar Saje da ban taɓa buɗewa ba tun rasuwarsa. Tsohon burushin haƙori ne a ciki, da 'yar wuƙa, da kwalbar sifirit. Abin da yake zuwa yi da sassafe ke nan. Bai taɓa faɗa ba, ƙila a wurinsa shara ce kawai, ba ta kai a koyar ba. Ni kuma ban taɓa tambaya ba. Shi ya sa kuke ganin an toshe ramin da raga, shi ya sa ake buɗe gado kowace safiya, kuma shi ya sa batir biyar na kowace rana ke kwana uku a kan kanta kafin motar ta tashi.

Sauran daminar a kan babur na yi ta, ni da Yakubu, da jerin lambobin shaidar batiran a cikin leda. Mahuta, Danko, ƙauyukan kan dutse, rumfa rumfa. Mu karɓi na ƙarya mu ba da gyararre. Wasu suna murna, wasu sai an yi ta lallashi, don sun riga sun gaya wa maƙwabta suna da batir mai albarka. Asibitoci muka fara bi. Kafin kaka mun tattara duka, saura ɗaya.

Lambar ƙarshen ta kai ni unguwar da ke bayan kasuwa a nan Zuru, gidan Saje. Ashe makonni bayan rasuwar Alhaji ya aika wa matar Saje, Mama Talatu, batir ɗaya da fitila daga cikin waɗancan. Na same ta da hantsi tana tsince wake a tsakar gida. Batirin yana ɗaki a kan ƙaramin tebur, ta shimfiɗa masa farin ƙyalle. Babu farantin sola a rufin, ba ta bari an ɗora ba.

Na zauna na yi mata bayani duka, har zanzaron. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Na ji, ɗiyata. Taso ki gani."

Ta kunna fitilar da rana tsaka, muka tsaya har lambar ta sauka daga ɗari zuwa casa'in da takwas. Ta kashe.

Ta ce, "Gobe war haka ya mayar."

Na ce, "Mama, ba shi ba ne. Wata rana zai mutu yana nuna miki ɗari."

Ta ce, "Shekara talatin da biyu, ko yana bariki ko yana gida, bai taɓa barin fitilata babu mai ba. In yana nesa sai ya aiko. Na san laka ce, kin faɗa na ji. Ba asibiti gare ni ba, ba na warkar da kowa. Ki bar mini shi."

Na ciro sabon daga buhu na ajiye mata a gefe, na ce da wannan za ta riƙa amfani, a ɗora masa faranti. Ta yarda. Tsohon kuwa na ɗauki fenti ja na rubuta a jikinsa cewa kada a dogara da lambarsa, na toshe duk ramukansa in ban da na fitila. Duk ƙarshen wata, ranar kasuwa, ina biyawa da caja a jaka, in buɗe ramin caji in cika tsohon. Tana ganina sai ta ɗauki mayafi ta ce za ta leƙa maƙwabta. Ba ta dawowa sai ta ji tashin babur ɗina.